Mai Baƙar Lema

Shekarar da na gama sakandare na zauna a gida ina jiran gurbin karatu, ba ni da aikin da ya wuce shara, wanke-wanke da danna waya. Gidanmu a Takur yake, cikin Dutse, a layin da yawancin masu gidajen ma'aikatan gwamnati ne. Ƙarfe takwas na yi maza sun watse ofis, unguwa ta zama ta mata da ƙananan yara. Ummata ta ce zaman banza ne ya jawo duk abin da zan faɗa a nan. Ni kuma a lokacin gani nake basira ce ta yi mini yawa. Yanzu dai na san wadda ta fi gaskiya a cikinmu, kuma ba ni ba ce.

Katangarmu ɗaya da gidan wata dattijuwa da kowa ke kira Goggo. Bafulatanar Buji ce, mijinta ya rasu ya bar mata gidan, tana sayar da kindirmo da ake kawo mata daga rugar 'yan'uwanta. A hannunta ƙawata take, 'yar ƙaninta ce. Abu biyu suka sa aka kawo ta Dutse, makaranta da asibiti. Tana da ciwon sikila, in ya tashi kuwa ba ya jiran a nemo mota daga ƙauye. Sau biyu ina tsaye a kanta aka yi mata ƙarin jini, na ga yadda leɓenta ke dawowa daidai kafin ledar ta ƙare. Ciwon ne ma ya sa na riga ta gama makaranta da shekara guda, alhali tare muka fara.

Fara ce, irin farin da ke nuna ƙarancin jini, idonta da ɗan rawaya-rawaya. Tafin hannunta kullum da sanyi, ko a tsakiyar bazara. Ba ta fita sai da wata baƙar lema, don rana da ruwan sama duka suna tayar mata da ciwo. Kuma ba ta cin abinci a gaban mutane, kunya irin ta gidansu. Shekara biyar tana shiga gidanmu ban taɓa ganin ta kai loma baki ba. Umma takan tsokane ta ta ce su Fulani iska suke ci su ƙoshi, ita kuwa sai ta yi murmushi ta ture kwanon a hankali.

A lokacin ina cikin wani guruf na karatun littattafai a waya, 'yanmata da matan aure cike, yawanci 'yan Dutse. Wata marubuciya a ciki ta kawo labari irin wanda Turawa ke rubuta wa matasansu: saurayi kyakkyawa wanda ba ya tsufa, ba ya mutuwa, jinin mutane ne abincinsa, ya kamu da son wata 'yar makaranta, kullum yana kokawa da kansa don kada ya cutar da ita. Ta kira shi maye, ta mai da shi ɗan attajiri a wani gari mai nisa. Mata suka haukace a kansa. Uwar 'ya'ya uku sai ta rubuta wai Allah Ya ba ta irinsa. Babu wadda na ji ta nemi tsari ko sau ɗaya.

Ni yarinyar labarin ce ta ƙona mini rai. Shafi arba'in ba ta da aiki sai rawar jiki, sai suma, sai jiran a zo a cece ta. Na ce wallahi sai na juya abin: mace ce za ta zama mai ƙarfin, namiji ya yi rawar jikin, mu ga yadda za a ji. Haushi ya kuma sa na ajiye labarin a Dutse, don na gaji da ganin kowane littafi a Kano ko Abuja, kamar mu nan ba a soyayya. Na sa duwatsunmu, na sa layi mai bishiyoyin darbejiya. Da na zo neman siffar jarumar sai ƙyuya ta kama ni, na miƙa hannu ta kan katanga na ɗebo abin da ke kusa. Farin, idon, sanyin hannun, rashin ci a gaban mutane, har baƙar lemar, duk na kwashe na ba mayyata.

Ban ɓoye wa ƙawata ba. Bayan la'asar nakan shiga gidan Goggo in karanta mata shafin ranar kafin in tura. Ranar farko ta yi dariya har da tari, ta ce ashe ɓarauniya take zaune da ita, ko lemarta ban bari ba. Can sai ta tambaye ni ko da gaske jarumar ba ta mutuwa. Na ce haka irinsu suke.

“To ki bar ta haka,” in ji ta. “Kada ki kashe ta a ƙarshe don ki sa mutane kuka.”

Tun tana ƙarama take jin abin da mutane ke faɗa game da tsawon ran masu ciwonta, wasu ma a gabanta suke faɗa. Na yi mata alkawari, na kuma ji daɗin kaina ƙwarai, gani nake kyauta na yi mata.

Labarin ya karɓu fiye da yadda na zata, kaina kuwa ya kumbura. In na makara da shafi sai a yi ta kirana. Ana cikin haka wata ta rubuta a guruf cewa ita fa wannan mai lemar kamar ta san ta. Wata ta sa alamar dariya, wata ta ce a Takur take ko? Na karanta, amma na share. A zatona yabo ne, wato na iya siffanta mutum har a gan shi.

Sai wata mai zaƙin murya ta fara karanta shafukan tana naɗa, don masu girki da waɗanda karatu ke yi wa wuya. A saman kowane shafi nakan rubuta cewa ƙagaggen labari ne. Ita ba ta karanta wannan layin, kai tsaye take shiga zance. Muryar ta fita daga guruf ta shiga wayoyin iyayenmu da kakanninmu, waɗanda ba su san an taɓa yin na namiji ba, ba su kuma san ana juya labari don nishaɗi ba. Abin da suka ji kawai shi ne a Dutse, a wani layi mai darbejiya, akwai wata farar yarinya mai baƙar lema da ke rayuwa da jinin mutane.

Abin bai zo da hayaniya ba, shi ya sa na daɗe ban gane ba. Da farko kindirmon Goggo ne ya fara kwana. Matar da kullum robobinta ke ƙarewa kafin azahar, sai ga shi tana bayar da shi sadaka, sadakar ma wasu su karɓa su zubar a kwata. Daga nan yaran da ke wasa a ƙofar gidanta suka koma can ƙarshen layi. Wata rana muna dawowa daga islamiyya, ni da ƙawata a ƙarƙashin lema ɗaya, wata mata da ta san mu tun muna yara ta janye ɗanta bayan zaninta. Da muka gifta na ji ta a hankali tana cewa kurwata kur. Ƙawata ma ta ji. Ta dai gyara riƙon lemar muka ci gaba da tafiya.

A ranar Umma ta kira ni tana tsintar shinkafa. Ta tambaye ni ko ni na rubuta abin nan da ake saurare gida-gida. Na ce ni ce, da ɗan alfahari ma. Da na ga fuskarta sai na hau kare kaina, na ce ai labari ne, an yi na namiji babu wanda ya ce uffan, don na mai da shi mace ne za a ɗaga hankali?

“Ke kin yi karatu amma ba ki san garinku ba,” in ji Umma, ba ta ko ɗago ba. “A wajen mutane, namiji in maye ne ta kansa ce, ɗansa in ya gada gani kawai zai yi, ba ya ci. Mace kuwa a nono take bayarwa. In kin ce mace mayya ce, kin faɗi uwarta, kin faɗi ƙannenta, kin faɗi 'yar da ba ta haifa ba tukuna.”

Ta ce ita ba ta yarda da wannan ba, Allah ne mai rayawa mai kashewa, amma ba ita kaɗai ce a unguwar ba. Tsoro ne ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba, don a lokacin na gane abin da na jefa ya wuce inda hannuna zai kai.

Na yi duk abin da na iya, kuma duk abin da na yi ƙara ɓata lamarin ya yi. Na rubuta dogon bayani a guruf cewa ƙirƙira ce, aka ce to wa ya tambaye ta. Na goge shafukan gaba ɗaya, aka ce in ba gaskiya ba ce me ya sa ta goge, ai tsorata ta aka yi. Na roƙi mai naɗar murya ta janye, ta janye nata, amma wanda ya riga ya shiga wayoyi ya shiga. Babana ya ji, ya yi mini faɗan da bai taɓa yi ba, sannan ya sami liman. Liman ya yi nasiha mai kyau a masallaci kan camfi da ƙazafi, maza suka gyaɗa kai suka watse. Muryar kuwa ba a wayoyin maza take ba.

Ƙawata ta rage fita. Makaranta kawai take zuwa, a can ma bencinta ya zama nata ita kaɗai. In na shiga gidan, Goggo takan amsa gaisuwata da kalma ɗaya ta shige ɗaki. Na ba ƙawata haƙuri har ta gaji da ji. Ta ce in daina, ai tare muka yi dariyar. Abin da take lissafi kawai shi ne saura wata bakwai ta zana jarrabawar ƙarshe, in ta daure zuwa lokacin shi ke nan. Kullum sai ta faɗi wata bakwai ɗin nan, har ya koma shida.

Damina ta wuce ta bar sauro da yawa, kusan kowane gida da mai zazzaɓi. A gidan da ke kallon namu wata yarinya 'yar shekara shida ta kwanta. Kwana biyu ana ba ta jiƙe-jiƙe da maganin kemis, jiki na ƙara zafi. A rana ta uku ta fara sambatu, cikin sambatun ta ce ga mai baƙar lema nan tana kallonta. Ba abin mamaki ba ne, a gidan ake kunna muryar nan kullum tana zaune tana ji. Amma kakarta, wadda ta zo daga ƙauye jinya, ba ta nemi wani bayani ba.

Da hantsi ne, maza duk sun fita. Ina wanki na ji takun mutane da yawa sun shiga gidan Goggo, babu mai ɗaga murya. Da ihu suke yi da ban tsorata haka ba. Na fita da kumfa a hannuna. Na tarar da mata sun kai goma a tsakar gida, an shimfiɗa tabarma an kwantar da yarinyar, idonta a juye, leɓenta a bushe. Uwarta na durƙushe tana kuka ƙasa-ƙasa. Ƙawata na tsaye a bakin ƙofar ɗaki, ranar ba ta je makaranta ba saboda ƙafarta na ciwo.

Kakar ce ta yi magana, cikin ladabi har da gaisuwa. Ta ce ba faɗa ya kawo su ba, alfarma suka zo nema, yarinyar gidan ta tsallaka marar lafiya sau uku. Kowa a wurin ya san ma'anar wannan. Haka ake sa wadda ake zargi da maita ta yi don ta saki kurwar da ta kama. In ta tsallaka ta amsa laifi ke nan. In ta ƙi, wani abu ya sami yarinyar, an san wadda za a nuna.

Goggo ta ce ko kaffara ba za ta yi ba, jininta ba zai tsallaka kowa ba, su ɗauki 'yarsu su kai asibiti. Ni kuma na kutsa tsakiya, na ce ni na ƙagi labarin nan daga farko har ƙarshe, a ɗakina na zauna na rubuta, babu gaskiya ko ƙwaya ɗaya a ciki. Na rantse da Allah. Kakar ta dube ni da tausayi.

“'Yar nan, wa ya fi ki kusa da ita?” ta ce. “Hannun nata da kika ce da sanyi, ƙarya kika yi? Kin taɓa ganin ta ci abinci? Ba jini ake ƙara mata ba in ta kwanta?”

Na ce wannan ciwo ne, wancan kuma kunya ce. Babu wadda ta saurare ni. Duk abin da na ɗauko daga jikinta gaskiya ne, shi ya sa ƙaryar da na ɗora a kai ta zauna daram. Ni da na zo kare ta, ni ce babbar shaidarsu.

Ƙawata ba ta kallon kowa, yarinyar take kallo. Ta fi duk wanda ke wurin sanin zazzaɓi, ta kuma san yadda ido ke komawa in lokaci na ƙurewa. Ta tako a hankali tana ɗingishi, ta tambayi uwar, ba kakar ba, ko in ta tsallaka za su wuce asibiti yanzu-yanzu, ba gida ba. Uwar ta ce ta yi alkawari. Goggo ta yi wa ƙawata magana da Fulatanci, da kakkausar murya. Ta amsa mata da kalma biyu ko uku, ban san me ta ce ba, na dai ga Goggo ta juya ta fuskanci bango.

Ta cire takalminta ta ajiye a gefe. Ta ɗan tattare zaninta ta tsallaka, ta juyo ta sake tsallakawa. A na ukun ƙafar mai ciwo ta so ta kasa, na miƙa mata hannu ta ƙi kamawa. Da ta gama ta ce wa uwar, “To ku tafi, kada ku tsaya ko'ina.” Ta ɗauki takalminta ta shiga ɗaki ta saki labule.

Sun cika alkawari. A asibiti aka ce maleriya ce ta yi tsanani, aka yi allurai da ƙarin ruwa. Kwana huɗu ina addu'a Allah Ya tashi kafaɗar yarinyar nan, kuma da zuciya ɗaya nake yi. Amma ina yi ina sane da cewa babu ƙofa ta uku. In ta mutu za a ce an cinye ta, in ta tashi za a ce an sake ta. Ranar da aka dawo da ita tana tafiya da ƙafarta tana cin biskit, unguwa ta yi murna, ni ma na yi hamdala, sannan na shiga banɗaki na yi kukan da ban taɓa yin irinsa ba. Daga ranar babu sauran mai shakka a layinmu.

Bayan mako biyu mahaifin ƙawata ya zo a motar da ke kawo kindirmo. Ya ce gara 'yarsa ta zauna inda aka san uwarta da kakarta, ko da asibiti ya yi nisa. Saura wata biyar jarrabawa. Na taya ta ɗaure kaya, na raka ta har ta sa ƙafa a mota. Ta tambaye ni ko na ƙarasa labarin. Na ce a'a, ba kuma zan ƙarasa ba.

“To shi ke nan,” in ji ta. “Tunda ba ki ƙarasa ba, ba ta mutu ba.”

Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ba ta zana jarrabawar ba, a shekarar ko bayanta. Ni na sami gurbin karatuna, na gama, na kama aiki, har ana kirana marubuciya. Mukan yi waya jefi-jefi in ta sami sabis. Ta auri wani ɗan'uwanta a can rugar. Bara aka aiko mini ta haihu, da ƙyar, bayan an yi ta gudu da ita a mota, amma ita da abin da ta haifa suna lafiya. Na sayi 'yar riga da hula na sa a jaka, na shirya zuwa Buji ranar suna.

Ana gobe suna na je bikin wata abokiyar aikina a Garki. Da rana muna ɗaki ana cin abinci, hira ta faɗa kan abubuwan tsoro. Wata mata da ban taɓa gani ba ta ce ai a Dutse an yi wata, fara mai baƙar lema, ta kama yara bakwai kafin a gane ta. A lokacinmu yarinya ɗaya ce, yanzu sun zama bakwai. Na ajiye cokali na ce wannan ƙarya ce, a gabana aka yi komai, ni na rubuta labarin da hannuna, yarinyar kuwa maleriya ta yi.

Matar ba ta yi fushi ba. Ta tambaye ni ko an tsallaka. Na ce an tsallaka. Ta ce yarinyar ta warke ko ba ta warke ba? Na ce ta warke, amma a asibiti. Ta ce to, ta ci gaba da cin shinkafarta.

Sai wata daga can ƙuryar ɗaki, mai goyo a cinya, ta ce ita ma tana da dangi wajen Buji, ta ji an ce matar ta haihu kwanan nan. Aka tambaye ta me aka samu.

“Mace,” in ji ta.

Wata ta ce Allah Ya tsare, sauran suka amsa da amin. Jakata na kan cinyata, da 'yar rigar a ciki, ko ledarta ban cire ba.